Muryar Kyaftin a Bakin Auta

Litinin, da hantsi

Likita ya hana ni magana. Ba raɗa, ba gyaran murya, ba dariya mai sauti, har sai ya ga inda ya yanka a maƙogwarona ya warke. Ni da magana ce gonata. Maigida ya sayo mini ɗan allo irin na 'yan aji ɗaya, da alli, da wannan littafi. Ya ce allon na mutane ne, littafin kuma in riƙa zuba zage-zagena a ciki. Wai shekara da shekaru yana roƙon Allah wuni ɗaya na shiru a gidan nan, ga shi an ba shi har da gyara. Na rubuta masa a allo: bari in warke.

Abin da ya fi ɗinkin ciwo shi ne a makon nan kashi na ƙarshe na Ayarin Sama zai iso situdiyo. Tun ina budurwa nake ɗora wa Kyaftin ɗin fim ɗin murya da Hausa. Waɗanda suka shirya shi can ƙasarsu ba su san ina duniya ba, amma a nan, in matar ta buɗe baki ni ake ji, har sunana ya ɓace, kowa Kyaftin yake ce mini. Duniyarsu ta ƙone, ta kwashi waɗanda suka tsira a jirgi mai girman gari, ta yi musu alkawarin za ta kai su wata duniyar da ake ruwan sama. Kashi takwas muna yawo tsakanin taurari ni da ita. Da ita na yi 'yanmatanci, da ita na shiga ɗakin miji, furfurarmu ma tare ta fito.

Duk lokacin da jirgi zai shiga haɗari sai ta ce, "Kowa ya riƙe na kusa da shi." A harshensu ba haka take faɗa ba, umarni ne kawai a ɗaure bel. Ni na juya maganar. Yanzu har direbobin bas suna faɗa in za su shiga rami.

An zo wurin da za a ga ko ta cika alkawari, ni kuma ga ni zaune da alli a hannu.

Talata, bayan azahar

Darakta, mai situdiyon, ya zo duba ni. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Kyaftin, ranar haskawa ba a hannuna take ba," in ji shi. "Masu fim ɗin sun ce ƙarshen wata, rana ɗaya a ko'ina. Na roƙe su, sun ce ko kwana ba za su ɗaga ba."

Na rubuta: zan warke kafin nan.

Ya ce, "Allah ya sa," yana kallon takalminsa.

Sai ga Auta, ƙanwata, ta fito daga kicin da tire. Tun da aka yi mini aiki, kullum in ta tashi daga makarantar da take koyarwa sai ta biyo ta nan. Ta ce, "Sannu da zuwa, Darakta. Ga shayi." Ya ɗago da sauri ya dube ni. Ni ya duba, har ya buɗe baki zai yi mini faɗan karya dokar likita. Sannan ya juya a hankali ya tsura wa bakin Auta ido kamar mai taya akuya a kasuwa.

Ni na kai yarinyar nan situdiyo da ƙafata, lokacin tana zaman jiran sakamakon jarrabawa. Ita ce muryar kwamfutar jirgi. Duk aikinta ke nan: "Ƙofa ta buɗe. Ƙofa ta rufe. Iska ta kusa ƙarewa."

Da zai tafi ita ta raka shi waje. Rakiyar ta yi tsawo.

Laraba, da yamma

Auta ba ta zo ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta zo. Ta wanke kwanukan da babu abin da suka yi, ta share ɗakin da na riga na share, sannan ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Yaya, Darakta ya kira ni jiya na yi gwaji. Ban ce to ba. Na ce sai na ji daga bakinki." Ta ji abin da ta faɗa, ta gyara: "Daga hannunki."

Ban ɗauki alli ba.

"Wallahi in kin ce a'a ba zan je ba. Amma ya ce in ba ni ba, wata zai ɗauko daga gidan rediyo. Gara dai abin ya tsaya a gida, ko?"

Ji wayo. Wato alheri za ta yi mini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ƙadangaren a gidanmu aka haife shi, ni na goya shi.

Na rubuta: je ki. Allin ya karye biyu. Ta tsince gutsuren ta ajiye mini a kan tebur, ta yi godiya, idonta ya cika da ƙwalla. Har kukan ma irin nawa take yi.

Asabar, da safe

Ruwan ɗumi da zuma. Ruwan ɗumi da zuma. In na mutu aka yanka ni ƙudan zuma za su fito.

Litinin, bayan magariba

Sun fara ɗaukar murya a situdiyo. Auta ta nemi hutu a makaranta. Ta biyo da yamma tana ba ni labari, kamar ban san ɗakin ba, kamar ba ni na zaɓi soson da aka manna a bangonsa ba.

Wannan karon masu fim ɗin sun ƙara tsanani, don kada ƙarshen labari ya fita kafin lokaci. Hoton da suka aiko baƙi ƙirin ne, an bar 'yar taga kawai daidai bakin mai magana. Leɓe kake gani yana motsi a cikin duhu, kana bin sa da Hausa. Kuma gutsure-gutsure suke aikowa, ba a jere ba. Ko Darakta bai san yadda za a ƙare ba.

"Yaya, ba ki ga leɓenta ba, duk ya tsage. Ina jin wahala suke sha sosai."

Leɓen da na fi sanin sa fiye da nawa. Na san yadda take lanƙwasa na ƙasa in za ta yi ƙarya don kwantar wa mutane hankali. Yanzu labarinsa ake kawo mini gida.

Sai ta tambaye ni abin da ya kawo ta. Wai kalmar nan ta "Kowa ya riƙe na kusa da shi" ta ƙi zama a bakinta. Kunne, mai haɗa mana sauti, wanda ake cewa yana jin tafiyar tururuwa, ya sa ta maimaita har ta gaji, yana cewa akwai abin da babu.

Na san abin da babu. Kafin "na kusa" ina ɗan tsayawa, tsayuwar da ba ta kai numfashi ba, kamar Kyaftin na duba wa ke kusa da ita ta ga babu kowa. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na rubuta: ki dai yi ta gwadawa.

Talata, da rana

Ban yi laifi ba. Ni wa ya koya mini?

Laraba, da yamma

Auta ta gano tsayuwar da kanta. Ta kwana biyu tana sauraron tsofaffin sassan fim ɗin a waya. Ta shigo da murna, ta tsaya a tsakar falo ta faɗa mini, da tsayuwar da komai. Na ji kaina yana magana daga can ƙofa alhali ina zaune a kujera.

Na ɗaga mata babban yatsa. Da ta tafi na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kukan da ba sauti, don shi ma likita ya hana mai sautin.

Ƙyashi nake yi. Na rubuta shi ga shi nan, baƙi a kan fari. Ina ƙyashin ƙanwar da na yi wa kitso, na share wa majina. Ba na so ta kasa, kuma ba na so ta iya. In akwai wani abu a tsakanin biyun, shi nake so.

Juma'a, da hantsi

Na je gaida Umma. Idonta ya yi rauni yanzu, allona bai da amfani a wurinta, sai dai in riƙe hannunta ita ta yi ta magana. Ita ce babbar mai kallon Ayarin Sama, ko da yake da kunne take kallo. Har yau ba ta yarda jirgin ba na gaske ba ne. Takan ce a taya su addu'a.

Ta shafa wuyana inda aka liƙa auduga. Ta ce, "Likita ya ce ƙaramin abu ne, ko?" Na matse hannunta sau ɗaya, wato i.

"To alhamdu lillahi. Ita kuma ƙanwarki ki daina murtuke mata fuska. Kada ki ce ban gani ba, ina jin sa a yadda kike ajiye kofi. Tun kuna yara take bin ki. In na ƙwala miki kira ita ke amsawa da muryarki, ta sha miki aike ya fi a ƙirga, ke kina can kina waƙa a bayan ɗaki. A lokacin ai ba ki ce ta sace miki murya ba."

Umma ke nan. Ido babu, amma ba a ɓoye mata allura.

Asabar, bayan azahar

Maigida ya dawo daga shagonsa na gyaran firij yana washe baki, waya a hannu. An saki tallar fim ɗin. Ya kunna mini: ƙarar injuna, ihun mutane, sai muryar Kyaftin a kan komai.

"Kai, Kyaftin! Yaushe kika ɗauki wannan? Kafin aikin ne? Wallahi muryar nan taki kamar ana ƙara mata mai. Ta fi ta kashin baya ma."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya ce muryata ya fara so kafin ya ga fuskata. Mutumin da ya ce ko cikin kasuwa na yi tari zai gane ni.

A hankali murmushin ya zame daga fuskarsa. Ya ce, "Au." Ya ƙara cewa, "Ai lasifikar wayar nan ba ta da kyau." Ya ce zai je ya duba wani firij da ya manta a kunne.

Ban dafa masa komai ba. Ya ci burodi.

Litinin, da yamma

Asibiti. Sakamakon abin da suka cire ya dawo. Likita ya faɗi sunansa, ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce an kama shi da wuri, ya ce akwai wata na'ura da za a riƙa gasa wurin da ita, za a fara a wata mai kamawa. Ya yi ta zana hoto a takarda. Maigida ne ya yi tambayoyin, ni guda ɗaya na rubuta.

Ya karanta, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Za ki yi magana. Amma irin ta da, kada in yi miki alkawari."

A hanya Maigida ya tuƙa mu kamar mai ɗauke da ƙwai. Na rubuta masa: kada Umma ta ji. Kada Auta ta ji.

Talata, da safe

Ba abin rubutawa.

Laraba, bayan la'asar

Darakta ya dawo, wannan karon da fara'a. Ya shimfiɗa mini hoton talla a kan tebur. Ga jirgi, ga taurari, ga sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe kamar kullum.

"Mun yi shawara ba sai an gaya wa jama'a ba," in ji shi. "Mutane ke suka sani. Kuma wa zai gane? Ranar haskawa ki zo ki zauna a gaba, ki ɗaga hannu, in ce kina hutar da murya. Auta ta yarda."

Na rubuta: ta yarda?

"Ita ta fara kawo shawarar ma."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya kamata in ji kunya. Gaskiya daɗi na ji, wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Bayan ya tafi kuma daɗin ya juye haushi. Wato har kyauta take yi mini da abina. Ta ɗauke muryar, ta bar mini sunan kamar yadda ake bar wa yaro ƙashi ya tsotsa. Kuma ba dama in yi faɗa, don kirki ta yi. Da ta yi rashin kunya da na samu abin riƙewa.

Alhamis, da rana

Auta ta sayi sabon mayafi, ruwan toka, irin launin rigar Kyaftin. Ta ce arha ta gani. To.

Litinin, bayan azahar

Da safe Kunne ya kira wayar Maigida, ya ce a sa shi a lasifika.

"Kyaftin, gutsuren ƙarshe ya iso. Babu magana a ciki ko ɗaya. Baki ne kawai a bayan gilashin hular 'yan sama jannati, yana numfashi, gilashin yana yin hazo yana washewa. Kin san dokarmu, numfashi ma sai mun ɗora namu. Auta ta yi ta yi tun jiya. Ba laifi take yi ba, amma numfashinta na wanda zai daɗe a duniya ne. Likitanki ya hana numfashi?"

Maigida ya fara cewa ba ta da lafiya. Na riga na ɗauko mayafi.

Na tarar an sauke kujerata ƙasa, don Auta ba ta kai ni tsawo ba. Kofina yana kan taga da shatin jan bakinta. Jakarta a kan ƙusar da nake rataye tawa. Na cire jakar na ajiye a ƙasa, ba a hankali ba. Tana bayan gilashi kusa da Kunne, ta gani.

Na sa abin kunne, aka kashe fitila. Duhu, sai 'yar tagar nan, sai leɓen. Ya tsufa. Ya tsage kamar yadda Auta ta ce. Ban san inda Kyaftin take ba, ban san me take kallo ba, amma na ga leɓen ƙasa bai lanƙwashe ba, wato ba ƙarya take yi wa kowa ba, ita kaɗai ce a wurin.

Ban yi wata dabara ba. Numfashin da nake yi a gida tun ranar asibiti, wanda nake dannewa in akwai mutane, shi na sake. Yana fita da ɗan kuka kamar iska a ƙofar da ba ta rufu ba. Inda ta ja na ja, inda ta tsaya na tsaya. Can ƙarshe gilashin ya yi hazo, ya washe, bai sake yi ba.

Da aka kunna fitila Kunne yana goge ido da hula, wai fanka ce ke hura masa ƙura. Ya ce ba sai an sake ba. Auta ta shigo, ta ɗauki jakarta daga ƙasa, ta tsaya.

"Yaya, me likita ya ce ranar Litinin waccan?"

Na rubuta: kofina za ki wanke.

Na dawo gida da wani farin ciki mara kyau. Akwai abu ɗaya da ba ta iya ba. Ko da kuwa abin da ta kasa ɗin shi ne wannan.

Juma'a, da hantsi

Likita ya ce daga yau zan iya gwada kalma ɗaya biyu, a hankali. Na jira Maigida ya fita. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na dubi madubi na ce, "Kowa."

Wani tsoho ne ya amsa mini. Wani tsohon da ya sha taba duk rayuwarsa.

Na sake ɗaukar allona. Da Maigida ya dawo ya tambaya, na rubuta: likita ya ce sai mako mai zuwa.

Gobe ake haskawa.

Asabar, bayan magariba

Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Sinimar ta cika har da masu tsayuwa a bango. An ajiye mana layin gaba. Umma a tsakiya, ni a damanta, Auta a hagu riƙe da jakata da tata, kamar 'yar rakiya. Kyaftin na buɗe baki Umma ta ɗora hannu a gwiwar Auta tana bubbugawa. Haka hannun ya zauna fim ɗin duka. Ina kallon majigi da ido ɗaya, ɗayan yana kan hannun nan.

Sun isa. Bayan duk wahalar nan sun isa duniyar da aka yi musu alkawari, shuɗiya, da gajimare a kanta. Amma jirgin ya yi nauyi, ba zai sauka a haɗe ba. Dole a raba shi biyu, ɓangaren mutane ya sauka, ɓangaren injuna ya wuce can cikin duhu, kuma ba a raba shi sai da hannu, daga ɓangaren injunan. Kyaftin ta aiki mataimakinta ya ƙirga yara, ta rufe ƙofa a bayansa. Kwamfuta ta ce, "Ƙofa ta rufe." Sannan Kyaftin ta ɗauki abin magana ta ce kowa ya riƙe na kusa da shi, da 'yar tsayuwar nan, ta ja ƙarfen.

Mutanen sinima suka riƙe juna da gaske. Na ga wani ƙato ya rungume wanda bai sani ba.

Daga nan babu magana. Ana nuna mutanenta suna fitowa daga jirgi ruwan sama yana dukansu, yaran da aka haifa a hanya suna tsoronsa. Ana nuna ta ita kaɗai a taga, duniyar tana ƙanƙancewa. Ba ta taka ta ba. Sai numfashi ya cika ɗakin.

Hannun Umma ya bar gwiwar Auta. Ya lalubo nawa, ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta matso kunnena.

"Wannan ke ce," in ji ta. "Haka kike yi kina jaririya in ciwo ya ci ƙarfinki. Me likita ya ce miki da kika ɓoye mini?"

Ban matse hannunta ba, ko sau ɗaya ko sau biyu.

Aka kunna fitilu. Jama'a suka yo kaina. Wata mata ta kama ni tana kuka, ta ce, "Kyaftin, duk sassan fim ɗin nan ba ki taɓa yin kamar wannan ba. Yau kin ƙure kanki." Wani ya ce muryata ta ƙara ƙuruciya. Wani ya ce wannan shi ne aikin da za a tuna ni da shi. Kowace kalma kamar ana soka mini tsinke. Auta tana can gefe an ture ta bayan kujeru, tana riƙe da jakata, tana murmushi. Murmushin ma na gaske ne, abin haushi.

Darakta ya ja ni kan dandamali. Ya ce da jama'a Kyaftin tana hutar da murya, za ta gaishe su da hannu. Aka yi tafi. Na ɗaga hannun. Da na sauka a nan shi ke nan, da sunana zai tafi da aikin har abada.

Ba kirki ne ya hana ni ba, kada in yabi kaina. Na kasa jure a ce mafi kyawun aikina wata ce ta yi shi. Gara a san nawa nawa ne, nata nata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na karɓe makirufo daga hannun Darakta. Ya riƙe, na fizge. Na ce, "Auta."

Tsohon nan mai taba ne ya fito ta manyan lasifiku. Na ga fuskokin gaba sun canja. Na ga Maigida ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Zo."

Ta ƙi. Umma ce ta tura ta da sanda. Ta hau da jakunkuna biyu a kafaɗa. Na kama hannunta, na sa mata makirufo a baki. Maƙogwarona yana wuta, amma na samu na ƙara kalmomi uku: "Ita ce. Faɗa."

Ta dube ni, hawaye na zuba. Ta faɗa: kowa ya riƙe na kusa da shi. Wurin 'yar tsayuwar nan ta matse mini yatsu har suka yi ƙara.

Lahadi, da hantsi

Tafin da aka yi mata ya fi nawa tsawo. Na lura, kuma ya yi mini zafi, ba zan yi wa littafi ƙarya ba. A bakin ƙofar sinima wasu yara suka ƙwala, "Kyaftin!" Mu biyu muka juya. Wurinta suka nufa.

Umma ta kwana a nan. Ta sa Maigida ya faɗi komai, a gaban Auta. Ba wanda ya yi kuka a gabana, sai dai kowa ya riƙa samun abin da zai ɗauko a kicin.

Da safe Auta ta kawo mini ruwan ɗumi da zuma a kofina na situdiyo, ta wanke shi fes. Ta ce, "Yaya, kin san tun ina yarinya, duk wanda ya ji na yi magana sai ya ce, kamar yayarki. Ba a taɓa cewa ke kamar ni ba. Jiya ne kawai na ji yadda abin yake, kuma da zan iya mayar miki da na mayar."

Na rubuta: ƙarya kike. Ta yi dariya, dariyata.

Ta ƙara neman hutu a makaranta. Gobe za a fara na'urar, ita za ta raka ni. Na ce ba sai ta zo ba, ta ce ba tambayata take yi ba. In mun je wurin masu ba da kati aka tambayi sunan mara lafiya, ita za ta faɗa, da muryata.